Ganyen da Ya Kwanta Bai Mutu Ba

A cikin hular shugaban aji aka zuba batutuwan saminar ajinmu. An nannaɗe takardun ƙanana-ƙanana kamar ƙuri'ar adashe, kowa ya zura hannu ya ɗauki rabonsa. Wanda ke gabana ya ɗauko gwajin tsabtar ruwan leda. Ta bayana ta samu ƙwayoyin cutar da ke shiga fura da nono. Duk abubuwan da mutum zai fita bakin get ya sayo da naira 200 ya kai ɗakin gwaji. Ni da na warware tawa sai na ga wani dogon Turanci, wanda ma'anarsa ita ce: yadda wasu tsirrai da ke rayuwa a ƙarƙashin manyan bishiyoyi a dazuzzukan ƙasashen sanyi suke haɗa abinci da hasken rana a lokacin dusar ƙanƙara, da yadda suke sake amfani da sinadaran jikinsu.

Na karanta sau uku. Sannan na bi Malam har ofis.

"Malam, ni fa ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a fim."

Ko ɗago kai bai yi ba daga takardun da yake dubawa. "Ƙwayar zarra fa, ka taɓa ganinta? Ai ka ci jarrabawa a kanta bara. Je ka karanta."

Na nemi musaya, ba zan ɓoye ba. Na yi wa mai ruwan leda tayin Indomie da ƙwai na kwana uku a wajen mai shayi, ya ce ko na mako guda ne ba zai sayi wahala da kuɗinsa ba. Haka na koma ɗaki da 'yar takardata ina jin an zalunce ni. Yau ga shi an gama samina, an manta da ita, amma takardar na nan a ninke cikin rigar wayata.

Matsala ta farko suna ce. A aji muna furta sunan tsiron da "fan", har abokin ɗakina ya ɗauka a kan fanka zan yi samina, ya ce in je sashen lantarki su taimaka mini. Na tambayi mutum ya fi goma yadda ake ce masa da Hausa, kowa sai ya kalli hoton a wayata ya ce, "Ciyawa ce mana." Sai a intanet na ci karo da wani tsohon ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, wanda wani likitan zamanin Turawa, J. M. Dalziel, ya wallafa a 1916. A ciki akwai kalmar agugu, wadda ya bayyana a matsayin saiwar irin wannan tsiro, ana kawo ta daga Adamawa ana maganin tsila da ita. Abin da ya ba ni mamaki, tsiron da ya yi zaton shi ne agugu, a yau masana na lissafa shi cikin zuriyar Dryopteris, kuma ɗaya daga cikin tsirrai biyun da na fi karantawa a kansu ɗan wannan zuriya ne. Wato kakanninmu sun san ɗan uwansa a wajen masu magani a kasuwa tun shekara ɗari da suka wuce, ni jikansu mai neman difuloma ban sani ba. Na ari kalmar na shimfiɗa ta a kan dangin gaba ɗaya. Malaman Hausa su yi mini afuwa.

Agugu ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba shi da iri irin wanda muke shukawa. Ya girmi duk wani tsiro mai fure a duniya: an samu burbushinsa a duwatsun da suka haura shekara miliyan 350, kuma yau nau'o'insa sun haura 10,000. Da wani gari mai laushi kamar ƙura yake yaɗuwa, wanda ke fitowa daga bayan ganye. Idan ƙurar ta faɗi a wuri mai laima sai ta tsiro wani ɗan falle kore da bai kai farce ba, a jikinsa ne ƙwayar namiji za ta yi iyo cikin ɗigon ruwa ta je ta samu ta mace. In babu wannan ɗigo, babu haihuwa. Shi ya sa mu 'yan ƙasar rani ba mu san shi sosai ba, waɗanda suka yi tafiya kudu kuwa sun sha ganinsa yana lilo a jikin bishiyar kwakwar manja.

Na ga ba zan iya tsayawa gaban aji in yi magana a kan abin da ban taɓa riƙewa ba, sai na je wajen masu sayar da fulawa a bakin titi na sayo 'yar tukunya ɗaya. Ba irin na ƙasar sanyi ba ne, amma dai dangi ne. Da na iso ɗaki na juya ganyen sai na ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a jere kamar da biro aka yi su. Na koma a fusace na ce an sayar mini da mai cuta. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaro, ai 'ya'yansa ne." Washegari na kankaro ɗigo ɗaya na sa a na'urar ƙara girma ta ɗakin gwaji, na ga wasu 'yan jakunkuna, kowace da zobe a bayanta. Idan zoben ya bushe yakan lanƙwashe baya, sannan ya fizgo ya watsa ƙurar kamar yaro ya saki danƙo. Sabon ganye kuwa a nannaɗe yake fitowa kamar jelar hawainiya, ya riƙa warwarewa a hankali. Daga ranar na daina jin an zalunce ni.

To yanzu ku biyo ni gabashin Amurka ta Arewa, daga kudancin Kanada zuwa jihohin Amurka na gabas. Dazuzzukan can cike suke da manyan bishiyoyi masu faɗin ganye, irin su wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada. Daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba, lokacin ɗuminsu ke nan, ganyayen kan haɗu su yi rumfa a sama, hasken da ke isa ƙasa ba ya kaiwa kashi 5 cikin 100 na wanda ke sauka a kan rumfar. Duk wanda ya taɓa shuka wani abu a gindin mangwaro ya san abin da nake nufi. A cikin wannan duhu agugu ke zaune, yana kalen ɗan hasken da ya ɓullo ta tsakanin ganye. Yana da ɗumi, yana da ruwa, ba shi da rana.

Sai Oktoba ta zo, bishiyoyin su zubar da ganyensu kaf, su tsaya haka wata shida ko fiye. Rumfa ta yaye. Yanzu ga rana, amma ɗumi ya tafi. Yawancin ƙananan tsirrai sukan haƙura su bushe har ƙasa su jira baɗi, har da nau'o'in agugu da dama waɗanda sanyin farko ke ƙonawa. Amma akwai 'yan taurin kai da ba sa sakin ganye. Ɗaya shi ne Polystichum acrostichoides, wanda mutanen can ke kira agugun Kirsimeti saboda yana nan kore shar a ƙarshen Disamba, ana samunsa daga gabashin Kanada har Fulorida. Ɗayan shi ne Dryopteris intermedia, ɗan uwan namu agugun, wanda ya fi yawa a dazuzzukan arewa.

Na daɗe ban gane hikimar abin ba sai da na tuna gawo. Kowa ya san gawo ɗan saɓani ne: yana zubar da ganye da damina, lokacin da kowa ke kore, ya fitar da sabo da rani. Shi ya sa gero ke samun rana a gindinsa a daidai lokacin da yake buƙata. A dajin Amurka babu wanda ya yi wa agugu wannan alfarma. Ranarsa tana zuwa ne a lokacin da babu mai so. In yana son cin moriyarta, dole ya kasance da koren ganye a shirye, kuma dole ganyen ya jure sanyin da ke mayar da ruwan bokiti dutse.

Abu na farko da yake yi shi ne ya kwanta. Duk tsawon lokacin ɗumi ganyayen a tsaye suke, sun kewaye tushe kamar buɗaɗɗen kwando. Da zarar sanyi mai ƙarfi ya fara sauka, sai wani ɗan wuri a gindin sandar ganyen ya yi laushi ya zama gaɓa kamar gwiwa, ganyen ya kwanta shame-shame a ƙasa. Wanda ya gani zai rantse taka shi aka yi. Wasu masana biyu na Jami'ar Mishigan, Noodén da Wagner, sun auna irin waɗannan ganyaye a wani bincike da suka fitar a 1997, suka tarar ƙarfinsu na haɗa abinci yana nan. Jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa a cikin gaɓar ma ba su tsinke ba, kamar tiyon ban-ruwa ne da ya lanƙwashe amma ruwa na wucewa.

Me ya sa kwanciya? Ƙasa ta fi iska ɗumi, kuma iska ba ta kaɗawa sosai a dab da ita. Idan dusar ƙanƙara ta sauka da kauri sai ta zama bargo: a sama sanyi na iya kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili, a ƙarƙashinta kuwa yana tsayawa kusa da sifili. Ni kaina sai da na yi dariya, wai ƙanƙara ce bargo. A Karolina ta Arewa wasu masu bincike sun tokare ganyayen agugun Kirsimeti suka hana su kwanciya, suka kwatanta su da waɗanda aka ƙyale. Na kwance sun fi ɗumi, sun fi aiki, na tsaye kuwa sun ji jiki.

Akwai kuma haɗarin da ban taɓa kawowa a rai ba: rana ita kanta. Haɗa abinci a ganye mataki biyu ne, kamar yadda aka koya mana tun sakandare. Na farko kamun haske, shi sanyi bai dame shi ba. Na biyu ƙera sukari daga iskar kabon, aikin sinadaran enzayim, su kuma sanyi na sa su nawa. Ka ɗauka injin niƙa ne ya rage gudu, yaron injin kuma bai daina ɗura masara ba. Ƙarfin hasken da ya taru ba a yi amfani da shi ba sai ya koma ya riƙa lalata ganyen daga ciki. Tsirran da ke riƙe ganye a cikin sanyi suna da wasu sinadarai masu launin rawaya da ke karɓar rarar hasken su mayar da ita zafi ta fice, suna kuma tara sukari a ƙwayoyin jikinsu don kada ƙanƙara ta fasa su. Ga kuma ƙishi. Idan ƙasa ta daskare saiwa ba ta iya jan ruwa, alhali ganye na ci gaba da asarar nasa. Ashe hunturunsu ma wani irin rani ne, ruwa ga shi ko'ina amma ba ya shawuwa.

Gaskiyar da taken saminata ya ɗan ɓoye ita ce, a tsakiyar hunturu, a ƙarƙashin dusar ƙanƙara mai kauri, ba wani aikin kirki ake yi ba. Jira ake. Ribar tana lokaci biyu: makonnin da ke bayan zubar ganye kafin ƙanƙara ta rufe ƙasa, da makonnin Afrilu da farkon Mayu, bayan ta narke kafin bishiyoyi su sake yin rumfa. A kudu, inda sanyi bai tsananta ba, duk ranar da ta ɗan yi ɗumi a tsakiyar hunturu ma ranar aiki ce. A wajen ƙarshen lokaci na biyun ne sababbin ganye ke ɓullowa daga tushe a nannaɗe, ba su iya ciyar da kansu sai sun warware. Tsofaffin na nan kwance a kewaye da su, sun yi dauɗa, sun yayyage, amma kore. Sai sababbin sun miƙe sun tsaya, sannan tsofaffin su yi ja su bushe.

A nan ne masana suka yi tambayar da ta kama ni. Mene ne amfanin tsohon ganyen ga sabo? Wasu suka ce rumbu ne: abin da aka tara bara ke ajiye a cikinsa, ana ɗiba ana kai wa sabo. Wasu suka ce gona ce: aiki yake yi yanzu, da ranar yau. Hanyar rarrabewa mai sauƙin faɗa ce, ka yanke tsofaffin ganyen wasu, ka bar na wasu, ka auna abin da ke shiga da abin da ke fita. Wani Ba'amurke mai suna Jack Tessier ya daɗe a kan Dryopteris intermedia. A 2001 ya ba da rahoton cewa tsofaffin ganyen na haɗa abinci bayan narkewar ƙanƙara, a 2007 kuma shi da abokin aikinsa suka nuna cewa daga gare su tsiron ke samun kabon a wannan lokaci. Ganyen da ya yi wata biyar a kwance, ana yaye masa bargo ya koma bakin aiki.

Ina cikin wannan karatu aka ba da hutun ƙarshen shekara, na tafi gida.

Babana malamin firamare ne da ya yi ritaya shekara huɗu da suka wuce, bayan shekara 35 yana riƙe da alli. Tun da na shigo makarantar nan, duk lokacin rijista alat ɗinsa ke shigowa ba tare da na roƙa sau biyu ba, ni kuma a raina na gama lissafi: kuɗin sallamarsa yake gutsurowa. Ban taɓa tambaya ba. Gaskiya ma ban so in tambaya ba, don amsar da na ba kaina ta fi daɗin kwana da ita. Tsoho ya huta, yana zaune a kan abin da ya tara, ni kuma ina cin rabona.

Dare na biyu, wajen ƙarfe uku, na fito zagayawa. Sanyin Disamba na busawa, hazo ya rufe taurari. Na ga babu kekensa a zaure. Da asuba ma ban gan shi a masallacin unguwa ba. Sai wajen bakwai ya shigo, da hular sanyi da wata tsohuwar rigar sanyi da na sani tun ina firamare, wandonsa a jiƙe har gwiwa, dugadugansa duk faso.

Na samu Inna a madafa. "Inna, ina Baba ke zuwa da dare?"

Ta ci gaba da dama kokonta. "Fadama. Ya yi hayar ɗan fili ya sa albasa. Injin ban-ruwan na haya ne, shi kuma layin dare yake karɓa don ya fi araha."

"Kuɗin sallamarsa fa?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ake yi wa yaron da ya yi tsawo amma bai girma ba. "Wane kuɗi? Rufin ɗakin nan, da auren yayarka, da jinyar kakarka, ina ka ga saura? Tun kafin ka samu gurbin karatu ya ƙare. Fansho kuwa na cefane ne. Wannan ce shekarar babanku ta uku a fadama. Ya ce kada a gaya maka, kada hankalinka ya rabu biyu."

Na koma ɗaki na zauna. Takardun samina na kan katifa, a buɗe a daidai shafin da na rubuta da manyan baƙaƙe: RUMBU KO GONA?

Daren da ya biyo na bi shi. Bai ce komai ba da ya gan ni da tocila, sai ya miƙo mini fartanya ya nuna mini inda zan buɗe wa ruwa hanya. Ruwan fadama da ƙarfe ukun dare a Disamba, 'yan uwa, ba a ba da labarinsa. Minti goma na daina jin yatsun ƙafata. Shi kuwa yana tafe a sunkuye daga wannan fangali zuwa wancan, yana toshe nan yana buɗe can, yana tasbihinsa ƙasa-ƙasa.

Na dawo makaranta da niyyar in mayar da saminar wa'azi. Amma sauran rabin taken na jirana, batun sake juya sinadarai, shi kuma bai yi mini daɗi ba.

Ganye ba ya mutuwa haka kawai. Ɓaɓɓalle shi ake yi, kamar yadda 'yan gwangwan ke yi wa tsohuwar mota. Kafin ya bushe, tsiro yakan farfasa koren sinadarin da ke cikinsa da furotin ɗinsa, ya janye naitirojin da fosfaras da fotashiyam ya tura su inda ake buƙata. Shi ya sa ganye ke rawaya: koren aka kwashe. Idan aka haɗa tsirrai iri-iri aka ɗauki matsakaici, kusan rabin naitirojin da fosfaras ɗin ganye ake janyewa kafin ya faɗi. Ɗan manomi ya san wannan ko bai san sunansa ba. Idan masara ta rasa taki, ganyen ƙasa ne ke fara rawaya, na sama na nan kore, saboda masarar na kwashe na manya tana tura wa ƙanana. Akwai kuma abin da ba ya janyuwa, kamar kalsiyam da ke maƙale a bangon ƙwayoyin ganye. Shi sai ganyen ya ruɓe ya koma ƙasa sannan saiwa ta sake ɗauka. Bishiyoyin dajin suna kwashe nasu tun Oktoba. Agugu mai taurin kai yana riƙe ganyen har bayan sanyi, ya ci moriyar aikinsa, sannan ya sallame shi a daidai lokacin da sababbi ke tasowa. Ko a kwancen ma bai zauna banza ba, don a kan gangare yakan tare busassun ganyen bishiyoyi su ruɓe a gindinsa maimakon ruwa ya tafi da su.

Wannan lokaci na da muhimmanci ga dajin gaba ɗaya. Idan ƙanƙarar wata huɗu ta narke cikin 'yan makonni, ruwa na ratsa ƙasa ya wanke naitirojin zuwa rafi, ga bishiyoyi ba su gama farkawa ba balle su kama shi. A dajin gwaji na Hubbard Brook da ke jihar New Hampshire, inda Dryopteris intermedia ke da yawa, an taɓa sare bishiyoyin wani kwari gaba ɗaya a hunturun 1965 zuwa 1966, aka hana komai tsirowa har shekara uku. Sinadarin naitiret da ke cikin ruwan rafin ya ninka sau 40 ko fiye. A dajin nan ne kuma Muller da Bormann suka kawo ra'ayi a 1976 cewa ƙananan tsirran da ke aiki da wuri suna zama kamar madatsa, su riƙe sinadarai a jikinsu na ɗan lokaci su sake su daga baya. Su a kan wani ɗan fure suka yi aikinsu, ba agugu ba, kuma daga baya bincike a Mishigan ya nuna ƙananan halittun cikin ƙasa sun fi tsirran riƙe naitirojin ɗin. Na sa wannan a saminata duk da ya rage wa gwanina daraja.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda abin ke bi da bi: ya kwanta, ya jure, ya yi aiki a lokacin da ba na aiki ba, sabo ya tsaya, a kwashe abin da ya rage a cikinsa. Na rufe littafin. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ranar samina aka ɗauke wuta, na yi bayani da zane a allo da tukunyata a kan tebur. Na yi minti goma sha biyar, kuma a ƙarshe, duk da na yi wa kaina alkawari, sai da bakina ya suɓuce na ce tsohon ganye yana sadaukar da kansa saboda sabo. Wasu a baya suka ce, "Allah sarki." Malam ya cire tabarau.

"Tsiro nawa ne a cikin tukunyar nan?"

"Ɗaya, Malam."

"To wa ya sadaukar wa wa? In ka cire kuɗi daga aljihun dama ka sa a na hagu, kyauta ka yi?"

Aji ya fashe da dariya. Ya ce tsiron shi ne tushen da ke cikin ƙasa, wanda kan yi shekaru masu yawa. Ganye kayan aiki ne da yake ƙerawa duk shekara, ya mora na shekara guda da 'yan makonni, ya kwashe abinsa. Babu tausayi a ciki, babu godiya, lissafin riba da asara ne kawai, kuma nan ajin kimiyya ne ba na adabi ba. Ya ba ni maki 64.

Gaskiyarsa. Na ji haushi a lokacin, amma da na fito sai na ji kamar an sauke mini kaya. Makonni ina kallon Baba a matsayin ganyen da sai ya ƙare kafin in tsaya, har na fara karɓar abin kamar dokar halitta, irin wadda ba a jayayya da ita, sai dai a ce Allah sarki a wuce. Alhali sabon ganye ba shi da ƙafar da zai tashi ƙarfe uku ya karɓi fartanya. Ni ina da ita. Kawai dai kusan shekara biyu ban tambayi inda alat ke fitowa ba.

Saura wata huɗu mu gama. Bayan nan akwai shekarar sanin makamar aiki, sannan maganar babbar difuloma. Baba ya riga ya yanke: in wuce kai tsaye, albasar baɗi za ta biya. Na kira shi makon jiya na ce ina tunanin in nemi wurin da za a riƙa biyana ko kaɗan ne, in tara kuɗin rijistar da kaina, ko da zai ɗauke ni shekara biyu maimakon ɗaya. Ya yi shiru har na duba ko katina ne ya ƙare.

"Wa ya ce maka na gaji?"

"Babu wanda ya ce, Baba."

"To ka gama wannan tukuna. Albasa ta kusa cira, in an ba ku hutu ka zo, akwai ɗauka."

Ba mu gama maganar ba. Na san halinsa, ya san nawa.

Tukunyar na nan a tagar ɗakinmu a hostal. Ta fitar da jelar hawainiya biyu, ganye ɗaya na ƙasa kuma ya fara rawaya daga baki. Jiya na shigo na tarar da abokin ɗakina riƙe da almakashi, wai zai gyara mata fuska, ganyen ya ɓata kyan ɗaki. Na karɓe almakashin. Na ce ya ƙyale shi sai ya bushe ƙayau don kansa, akwai sauran kaya a ciki. Ya ce ni dai tun da na yi saminar nan na zama wani iri, ya ɗauki bokitinsa ya tafi layin famfo.